Feshin maganin ciyawa a filayen kiwo: abin da makiyayan Jos suka tsayar

A tattaunawar da wasu makiyaya da masu gonakin kiwo suka yi a Jos, an fi daɗewa a kan tafasa, wadda ke mamaye fili da zarar shanu sun cinye ciyawar kirki, alhali su ba sa ko kallonta. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a yi amfani da maganin ciyawa mai suna 2,4-D, domin yana kashe tsirrai masu faffaɗan ganye irin tafasa ya bar gamba da kyasuwa, saɓanin glyphosate da ke ƙone duk abin da ya taɓa. Sai dai a fesa da farkon damina, tun tafasar tana ƙarama ba ta yi fure ba, kuma da safe kafin iska ta taso, saboda gonakin tumatir da dankalin turawa na makwabta ba sa jure ko ɗan burbushinsa. Wannan gargaɗin, a ganina, ya fi kowanne nauyi a ƙasar da zaman manomi da makiyayi yake buƙatar lallami.

Game da ƙananan itatuwa, an ce a sare su a shafa maganin kashe itatuwa mai suna triclopyr a kututturen nan take. An kuma jaddada a janye dabbobi daga filin har tsawon kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar, a duba lambar NAFDAC, a sa safar hannu da takunkumi, kuma kada a wanke tankin feshi a rafin da shanu ke sha.