Wasanmu na barkwanci ne a kan mutuwa, kuma saura mako uku: ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe a sashen wasan kwaikwayo, kuma ni aka ɗora wa ba da umarni a wasan da za mu nuna a zauren jami'armu. Wata 'yar ajinmu ce ta rubuta shi. Labarin wani dattijo ne mai dukiya da likita ya ce ba zai kai safiya ba. 'Ya'yansa huɗu suka taru a bakin gadonsa, tun yana numfashi suka fara rabon gidaje. Gari ya waye bai mutu ba. Kwana biyu, kwana biyar, tsoho na nan. A ƙarshe babban ɗan ne zuciyarsa ta buga saboda takaici, tsohon kuma ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Damuwata uku ce. 'Yan wasana tara, duk lokacin gwaji sai su fashe da dariya a tsakiyar fitowa, har mai kwanciya a gadon ma cikinsa na rawa a ƙarƙashin bargo. Sannan yarinyar da ke fitowa a matsayin autar gidan, wadda ta fi kowa iya wasan, mahaifinta ya rasu wata biyu da suka wuce. Ta ce za ta iya, amma jiya ta fita daga zauren ba sallama. Kuma shugaban sashe ya leƙo mu sau ɗaya, ya ce yana tsoron a ce muna wasa da mutuwa. In sassauta labarin ne, ko in bar shi yadda yake?

Tsohon Darakta: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka taɓa labarin tukuna, matsalar ba a rubutun take ba. Yaranka suna dariya ne domin har yanzu kallon wasan suke yi, ba su shiga cikinsa ba. Babban ɗan nan bai san yana ba da dariya ba. Shi a wurinsa bashi ne ya yi masa katutu, gidan nan na bakin titi kuma shi ne kaɗai mafitarsa. Ka zaunar da kowa ka tambaye shi: me kake so a wannan fitowar, wa ya tare maka hanya? Wannan ita ce tambayar da Stanislavski, shahararren darakta kuma malamin wasan kwaikwayo ɗan Rasha, ya gina koyarwarsa a kai, kuma a irin wasanku ta fi amfani fiye da ko'ina.

Ga misali daga tarihi. A Ingila, wasan Joe Orton mai suna Loot, wanda shi ma akwai gawa da kuɗi a cikinsa, ya faɗi warwas da aka fara nuna shi a 1965, kuma cikin abin da aka ɗora wa laifi har da yadda aka riƙa neman dariya da ƙarfi. Da aka sake shi a 1966, 'yan wasa suka ɗaure fuska suka yi shi kamar da gaske, sai ga shi ya ci kyautar jaridar Evening Standard ta gwarzon wasan shekara. Ka hana yaranka gatsine, ka hana su kallon 'yan kallo bayan sun jefa magana. Kuma ku maimaita fitowar da ke karya su sau goma a jere, har barkwancin ya gundure su. Wanda ya ji magana sau arba'in ba ya yi mata dariya.

Mai Fitila: Ni ɓangaren haske nake, kaɗan zan ce. Mai kwanciyar nan ka juya masa fuska zuwa bango, ka ba shi bargo mai kauri, ka rage hasken da ke kan gadon. Ya riƙa shaƙar numfashi a hankali yana ƙirgawa. Idan yana ƙirga ba zai saurari abin da ake faɗa ba.

Malamar Adabi: Ɗana, ni maganar yarinyar ce ta tsaya mini, kuma na ga ka sa ta a tsakiya kamar ƙaramar matsala. Ita ce babba. Marainiyar wata biyu za ta ce maka "zan iya" domin ba ta so a ce ta ba ku kunya, ko domin makin da ke kan wasan. Kada ka tambaye ta a gaban jama'a. Ka sa marubuciyar, ko wata ƙawarta, ta zauna da ita su biyu. Ka je wurin malamin da ke kula da ku ka tabbatar cewa ko ta janye ba za ta rasa makinta ba, sannan a gaya mata haka ƙarara. Sai a lokacin amsarta za ta zama tata. Kuma tun yau ka sa wata ta fara haddace layukanta, ka sanar da ita da bakinka, kada ta ji a wurin wani.

Amma kada ka cire ta da kanka. Akwai wanda aikin ne ke riƙe shi a lokacin rashi, ka ƙwace masa ka ƙara masa wani rashin.

Ɗan Aji Biyu: Yaya, da ni ne da na canza ƙarshen. Mutum ya faɗi matacce mutane na ƙyalƙyala dariya? Akwai iyaye a cikin 'yan kallo fa. A bar shi ya suma kawai.

Tsohon Darakta: Idan ya suma kawai, to me aka yi awa ɗaya da rabi ana ginawa? Ka dubi inda dariyar ke sauka. Ba tsoho mara lafiya ake yi wa ba, ba mutuwa ake yi wa ba. Kwaɗayin masu rai ake yi wa, waɗanda suka manta cewa ba a bin layi a wannan tafiyar. Wannan ita ce amsar da za ka ba shugaban sashe, amma kada ka ba shi da baki. Ka gayyace shi ya kalli wasan daga farko har ƙarshe. Mutumin da ya leƙo minti biyar ya tarar ana ƙyaƙyatawa a kan gadon majinyaci, dole ransa ya sosu.

Malamar Adabi: Na yarda da Malam, sai dai yaron nan ma yana da gaskiya ta wani gefen. A rubuta a jikin takardar sanarwa cewa wasan ya taɓo jinya da mutuwa. Layi ɗaya ne, ba zai rage muku kowa ba sai wanda gara ma bai zo ba.

Mai Kula da Dandamali: Abin da ba a faɗa ba: ku yi gwaji ɗaya da baƙi, mutum goma sha biyar ko ashirin da ba su san labarin ba, saura mako guda. Za ku sha mamakin inda za su yi dariya da inda za su yi tsit. Nan yaranka za su koyi jira. Ba a magana a kan dariya, kuma ba a jira ta mutu murus. Idan ta kai ƙololuwa ta fara sauka, sai a shigo da layi na gaba. Bayan faɗuwar babban ɗan kuwa, ka bar shirun ya yi tsawo har ya dami mutane, kafin tsohon ya nemi ruwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na yi magana da malaminmu, ya ce makinta na nan ko ta fito ko ba ta fito ba, kuma marubuciyar za ta same ta gobe. Ƙarshen zai zauna yadda yake. Malam Mai Kula da Dandamali, shirun nan na ƙarshe, daƙiƙa nawa kake ganin zai ɗauka? Mun gwada goma yau, mai kwanciya a gadon ya sake fashewa a ta bakwai.