Rediyon ne ya yi rauni ko ma'aunin ne?

Bello, Garwa: Salamu alaikum. Ku raba mu gardama da Malam Isa. Rediyon maikurowef na gigahaz 13 da muka hau hasumiyar sadarwa dubawa, takardarsa ta ce yana fitar da dBm 23 (dBm shi ne awon ƙarfin sigina). Na ɗora ma'auni, ya nuna 21.8. Na ce a sauke shi a sa wani, ma'auni ba ya ƙarya. Malam ya ƙi.

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Ma'aunin ka fito da shi daga mota mai sanyi, ka ɗaura a zafin Afrilu, ko sifiri ba ka yi masa ba, wato saita shi ya nuna sifiri lokacin da babu sigina. A ɗaki mai digiri 23 ake saita irin waɗannan kayan, ba a saman ƙarfe da rana tsaka ba.

Hadiza, Marwa: Malam, da girmamawa, rashin yin sifiri bai kai ya ci dB ɗaya (awon ƙaruwa ko raguwar ƙarfi) a nan ba. Matsalarsa tana fitowa ne idan ƙarfin ya yi ƙasa ƙwarai. Bello, kawunan ma'auni da yawa, wato ɓangaren da sigina ke shiga, ba sa ɗaukar fiye da dBm 20, to me ka sa tsakani?

Bello: Abin rage ƙarfi na dB 10, da kebul mai tsawon mita ɗaya. Na ƙara 10 ɗin a lissafi.

Hadiza: Kebul ɗin fa? A gigahaz 13, mita ɗaya na kebul na iya cinye dB ɗaya ko fiye, kafin ma a zo kan ƙurar da hunturu ya cusa a bakin mahaɗin. Shi kuma abin rage ƙarfin, 10 da aka rubuta a jikinsa ba lallai 10 cif ba ce a wannan zangon, sai an auna. Sannan ma'aunin da kansa: siginar gwajin da yake fitarwa miliwat ɗaya ce a megahaz 50. In ba ka shigar masa da gigahaz 13 ba, gyaran da zai yi na megahaz 50 ne.

Usmanu, Kusiri: Ku ƙara da wanda ba ya gyaruwa da lissafi mai sauƙi. In bakin rediyon da na ma'aunin ba su dace ba, wani ƙarfin yana komawa baya. In awon mayarwar bakin ɗaya 0.2 ne, na ɗayan 0.1, shakkun ya kai kashi 4 cikin ɗari sama ko ƙasa, kusan dB 0.17. Ba ka san ta wane ɓangare ya faɗa ba. Abin rage ƙarfi mai kyau yana rage wannan, muddin an ɗaure mahaɗin da sifana mai awo, ba da filaya ba.

Bello: Duk na ji. Amma dB 1.2 kusan rubu'in ƙarfin ne fa. In awo ya nuna buhu ya rage rubu'i, ba za ka ce iska ce ba.

Malam Isa: Sai ka tabbata awon naka daidai ne, ɗana. Kuma ka duba ko ATPC, na'urar daidaita ƙarfin da rediyo ke fitarwa, a kunne take, don ita da kanta take sauke ƙarfi idan rediyon da ke ɗaya ɓangaren yana ji sosai.

Bello: A kashe take, na duba.

Hadiza: To gobe ku auna kebul da abin rage ƙarfin su kaɗai tukuna, ku bar ma'aunin ya yi rabin awa a kunne, ku rubuta lambar tare da shakkunta.

Bello: Za a yi. In ta sake nuna ƙasa da 22, Malam ne zai hau ya sauko da shi.