Wanda ya taɓa shiga tsohuwar mashayar ƙauye a Ingila ya ba mu labari

Baban Hanifa, Bamingam
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abokan aikina sun shirya tattaki ranar Asabar, za a ƙare da cin abinci a Fleece Inn da ke ƙauyen Bretforton, kusa da Evesham. Tun zuwana ƙasar nan ban taɓa sa ƙafa a gidan giya ba. Su dai sun ce wai gidan tarihi ne. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini gaskiya.

Maman Sadiku, Usta
Wa alaikumus salam. Na je sau biyu, kuma ba su yi maka ƙarya ba: giya ana sayar da ita, tarihin ma yana nan. Asalinsa gidan manomi ne da aka gina tun farkon ƙarni na 15, sai a 1848 aka mai da shi mashaya. Zuri'a ɗaya ce ta riƙe shi har zuwa kan wata tsohuwa, Lola Taplin, wadda ta rasu a 1977 ta bar wa National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, wasiyyarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gaban murhu. A kan daɓen dutse an zana fararen da'irori, wai don kada mayu su sauko ta bututun hayaki. Na tsaya ina kallo ina dariya ni kaɗai. Turawan da ke ce mana masu camfi, ga nasu a fili, har yau ana sabunta zanen! Kakata a Zariya da ke rataye laya a bakin ƙofa da ta gani da ta ce ashe ba mu kaɗai ba ne. A wani ɗakin kuma an jera tsofaffin faranta na kuza a kan kanta, sak jeren ɗakin amarya. Gobara ta taɓa gidan a 2004, aka gyara aka sake buɗewa a 2005.

Ɗan Katsina, Lids
Ban je wannan ba, amma na shiga irinsa a wani ƙauyen Yokshaya. Malam, in kana da tsawo ka sunkuya. Azarar rufin ta gaisa da goshina tun kafin in yi sallama, tsofaffin da ke bakin wuta suka kwashe da dariya, ɗaya ya nuna mini nasa tabon. Sannan kada ka zauna kana jiran a zo a tambaye ka. Mun yi kusan minti 20 kamar baƙin da ba a so, ashe kai za ka tashi ka je kanta ka faɗi abin da kake so, ka biya. Karnuka kuma suna kwance ƙarƙashin tebura, ka kula da wandonka in za ka yi salla da shi.

Anti Bilki, Kobantiri
Hattara da abin da suke kira saida. Sunan tuffa za ka ji, amma giya ce. Ka ce ruwan tuffa zalla ko shayi. Kifin ma ka tambaya, wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake soya shi.

Malam Na Bradford
Ni kam ba na shiga, kuma ba na ɓoyewa. Zama a teburin da ake shan giya ba ƙaramin abu ba ne, tsufan gini bai canza hukunci ba. Da aka gayyace ni na yi tattakin da su, na ci guzurina a waje, babu wanda ya ɓata rai.

Maman Sadiku, Usta
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ban ja da kai ba. Akwai lambun tuffa a harabar gidan, da kujeru. Zuwana na biyu a can na zauna, leƙawa kawai na yi na nuna wa Sadiku da'irorin muka fito.

Baban Hanifa, Bamingam
Na gode ƙwarai. Lambun zan zaɓa, in leƙa murhun in fito. Maman Sadiku, akwai gefen da mutum zai shimfiɗa darduma ya yi azahar ba a tattaka shi ba?