Adaidaita sahu ya buge Ummanmu, Kawu ya ce a kai ta ɗori

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Yau kwana 9 ke nan da adaidaita sahu ya buge Ummanmu tana tsallaka titi za ta shiga kasuwa. Ƙashin ƙwaurinta na dama ya karye. A asibiti an yi hoto, an sa mata siminti, aka ce mu koma bayan sati 2. Yanzu Kawu ya dage sai a fasa simintin a kai ta wajen mai ɗori, wai ya fi sauri. Ga kuma takardar sallama, an rubuta S82.2 da V03.1, ban san mece ce ba. Mai keken ya biya kuɗin ranar farko, tun daga nan ya daina ɗaga waya.

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya sa kaffara ne. Don Allah kada a taɓa simintin nan. Ƙwauri ƙashi ne mai jinkirin haɗewa, a babba yakan ci wata 4 zuwa 6, kuma ba hannun da zai gaggauta shi. Abin da nake tsoro a ɗori shi ne ɗaurin kara mai tsanani, ya tare jini, ƙafa ta ruɓe. Na ga waɗanda aka kawo mana a makare, sai yankewa. Ku koma ranar da aka ba ku, sabon hoto ne zai nuna ko ƙashin ya goce. Amma in yatsunta suka yi sanyi ko suka canja launi, ko ta daina jin su, ko ciwon ya ƙi jin magani, ko wari ya fito, ko numfashi ya yi mata wuya, kada ku jira ranar, ko da tsakar dare ne ku tafi. Ta riƙa ɗora ƙafar a kan filo tana motsa yatsu. In an cire simintin kuma akwai gashin ƙashi, nan ne mutane suke sakaci.

Ma'aikacin ofishin kati: Aikina ke nan. Lambobin na tsarin ICD-10 ne, wato jerin lambobin cututtuka da raunuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. S82.2 ita ce raunin, wato karaya a tsakiyar ƙashin ƙwauri. Mai V ɗin tana faɗin yadda abin ya faru: V01 zuwa V09 duk na mai tafiya a ƙafa ne, 1 ta ƙarshe kuma tana nufin a kan titi aka buge shi. Sai dai V03 ƙaramar mota ce. Babur da mai ƙafa uku V02 ne, ke nan V02.1 ya kamata a sa. Ki je da takardar ki nuna wa likitan ya gyara ya sa hannu. In rahoton 'yan sanda ya ce keke, na asibiti ya ce mota, kamfanin inshora ya samu ƙofar ja muku rai.

Tsohon direba: 'Yata, kun kai rahoto wajen 'yan sanda kuwa? In ba ku kai ba, gobe ku je da lambar keken. Doka ta wajabta wa duk abin hawa inshorar da ke biyan wanda aka buge. Ku tara rasit, har na allura da na hoto. Shi kuma mai keken, ku bi ta shugabannin tasharsu, sun fi kowa sanin inda yake kwana.

Wata uwa: Kawun naku tausayi ne ya sa shi, kada ki yi masa gardama a gaban mutane. Ki roƙe shi ya raka ku asibiti ya ga hoton da idonsa. In hankalinsa bai kwanta ba, ku nemi a tura ku Asibitin Ƙashi na Dala, tun 1959 aikinsu ke nan.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, yanzu na taɓa yatsun, da ɗuminsu kuma tana motsa su. Lambar keken tana wayar ƙanena, shi ya ɗauka a wurin. Kawu ya ce zai bi mu ranar Litinin, zan tafi da takardar a gyara.