Babur ɗin ƙanƙara: nauyinsa na shafar tuƙi da gudu kuwa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Manitoba, ƙasar Kanada, ina son sayen babur ɗin ƙanƙara na hannu kafin hunturu ya kankama. Biyu na gani, duka Ski-Doo. Ɗaya mai inji 600R mai bugu biyu, takardarsa ta ce kimanin kilo 215. Ɗayan mai inji 900 ACE mai bugu huɗu, kimanin kilo 245. Zan riƙa bin hanyoyin da ake gyarawa, kuma zan ja kayan kamun kifi a kan tafkin Winnipeg. Kilo 30 ɗin nan za su dame ni a kwana da gudu?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Malam. Fara gyara lissafin tukuna. Nauyin da ke takarda na babur ne babu mai a ciki. Tanki na ɗaukar kusan lita 40, litar fetur kuwa kimanin gram 740 ce, kilo 30 ke nan. Sa kanka da kayan sanyi, a ce kilo 85. Na farko ya koma 330, na biyu 360, bambancin bai kai kashi 10 cikin ɗari ba.

Inda suka rabu da gaske shi ne ƙarfi. 600R na ba da dokin inji (ma'aunin ƙarfin inji) kusan 125, 900 ACE kusan 95. Kowane doki a na farko yana jan kilo 2.6, a na biyu 3.8. Saboda haka na farko zai fi zabura, amma injin ne ya jawo hakan fiye da nauyin.

Amsa ta biyu:
Ɗan'uwa, abin dubawa shi ne inda nauyin ya zauna. Ƙarin da ke cikin mai bugu huɗu kusan duk a gaba yake, a kan takalman sulɓi biyu da ke madadin tayar gaba. A hanyar da aka daddale hakan na da amfani, domin ƙarfen kabayid, wani ƙarfe mai tauri da ke ƙarƙashin takalmin, zai ciji ƙanƙara, babur ya sha kwana ba tare da ya zarce ba. Illarsa ita ce kan babur ya yi tauri, kafaɗa ta gaji, kuma ya riƙa fizga hagu da dama yana bin sawun waɗanda suka wuce.

Yawancin wannan, saiti ne ke gyara shi. Fara da sifirin na baya: auna tsayin bamba daga ƙasa babu kowa a kai, sannan ka hau da cikakkun kayanka wani ya sake aunawa. Ya sauka santimita 5 zuwa 7.5. In ya wuce haka ƙara ɗaure sifirin, in bai kai ba sassauta. Bayan nan, in kan ya yi nauyi, ƙara ɗaure sifirin na tsakiya kaɗan, zai ɗauke wa takalman gaba wani kaso. Akwai kuma igiyar da ke riƙe gaban ƙafar katafila, wato faffaɗar robar da ke juyawa a ƙarƙashin babur tana tura shi: ka gajarta ta nauyi ya koma gaba, ka tsawaita ta gaba ya riƙa ɗagawa in ka ba da wuta. Rami ɗaya na jikin igiyar za ka canza a lokaci guda, ka gwada, kada ka taɓa abu biyu tare, don ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To in na sauka daga hanya na shiga dusar ƙanƙara mai zurfi fa?

Amsa ta uku:
Nan kam kowane kilo na magana. Shi ya sa baburan hawan dutse a British Columbia ta Kanada kusan duka masu bugu biyu ne, nauyinsu wajen kilo 200, da doguwar ƙafar katafila inci 154 ko 165. Amma ko a nan, faɗin abin da ya taka dusa ne ke hana nutsewa. Ƙafa mai faɗin inci 20 ta fi mai inci 15 fili da kashi ɗaya cikin uku, don haka babur mai nauyi a kan faffaɗar ƙafa zai iya yin sama inda marar nauyi mai siririya zai kafe. Tambayi mai sayarwa tsawo da faɗin ƙafar kowanne, kada ka ɗauki wadda tsawonta ya gaza inci 137.

In ka kafe, saki wuta nan take, ci gaba da murzawa rami kawai yake tonawa. Tattake dusar da ke gaba, kankare wadda ta cushe a ƙarƙashi, ka ɗaga bayan ka ajiye gefe a kan sabuwar dusa. A wannan ɗagawar ce kilo 30 za su gaya wa bayanka, musamman in kai kaɗai ne. Kada ma ka fita kai kaɗai.

Amsa ta huɗu:
Malam, ga aikin da ka faɗa, mai bugu huɗu zan ce ka ɗauka. Jan kaya na son ƙarfi a ƙaramin gudu, kuma 900 ACE na bayar da shi a hankali ba tare da fizga ba, bai cika shan mai ba, babu sayen man gauraye. Kulocin mai bugu biyu kan kama ne sai inji ya tashi sosai, in kana jan kaya a hankali bel ya riƙa zamewa, ya yi zafi, ya ƙone. Ko wanne ka saya, ajiye bel na sifiya a kan babur.

Abu ɗaya da tafki ke buƙata: ƙarafan kankare ƙanƙara da ake ɗaurawa a gefen ƙafar katafila. Inda iska ta share dusa, babu abin da zai sanyaya inji ko ya jiƙa robar da ƙafar ke zamewa a kanta, sai inji ya yi zafi, robar ta narke. Ka sauke su kafin ka hau tafkin, ka ɗage su kafin ka yi ribas in irin na sifirin ne, don lanƙwashewa suke yi.