Turbar hawan dutse ta zaizaye, ta ina 'yan gayya za su fara?

Ɗan Bungudu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani. Akwai wata turba da ke hawa dutse ta wajen Kwatarkwashi, masu itace da makiyaya na bin ta, samari masu motsa jiki kuma na hawa da asuba. Tsawonta bai wuce mita 600 ba, amma duk damina ruwa tsakiyarta yake bi, yanzu wani wurin ya zama kwari har gwiwa. Matasan unguwa sun yarda a yi gayya. Akwai diga 4, shebur 6, baro 2 da kwanon sarki, kuɗin da aka tara kuma zai sayi siminti buhu 10. Mu cike ramukan da ƙasa mu shafe da siminti, ko da wata dabara? Kuma wane wata ya fi dacewa? Abin da ya zaburar da mu shi ne garuruwan kan duwatsu na ƙasashen sanyi irin Norway, inda mutanen gari ke gyara hanyoyin da suke zamiya a kan dusar ƙanƙara da kansu.

Injiniya daga Gusau:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku fara da cike rami. Duk ƙasar da kuka zuba, ruwan Agusta zai kwashe ta a dare ɗaya, domin turbar ta riga ta zama magudana. Aikin farko shi ne fitar da ruwa daga kanta tun bai yi gudu ba.

Mutanen Norway da ka ambata suna kiran irin wannan aiki dugnad, gayya ce dai irin tamu. Injin da ke danne ƙanƙarar ya tsaga layi biyu na ƙafa shi aka fi gani a hotunan ƙasarsu, amma kafin ƙanƙara ta sauka sai sun fito sun sare rassa sun buɗe magudanai. Ruwa ne matsalarsu su ma.

Ku fara daga sama ku gangaro, kada ku fara daga ƙasa. Ku samo tiyon lebur irin na magina da igiya mai mita 10. Idan a cikin mita 10 turbar ta sauka mita 1, gangaren daidai ne. Idan ta sauka mita 2 ko fiye, wurin na bukatar matakala ko a karkatar da turbar ta yi kwana. Inda turba ke ratsa jikin tudu a kaikaice, ku sassabe bakinta na waje, wato tudun ƙasar nan da ƙafa da kofato ke tarawa a gefe, domin shi ne ke tsare ruwa a ciki. Doron turbar ya ɗan jirkita zuwa waje, kamar santimita 5 a faɗin mita 1. Mai tafiya ba zai ji ba, ruwa kuwa zai zame ya fita.

Sai shingen juya ruwa. A haƙa rami ya ratsa turbar a karkace, kusurwa digiri 30 zuwa 45, kada ya zama a miƙe kamar an gicciye sanda. A jera duwatsu masu faɗi a tsaye, kashi biyu cikin uku na kowane dutse a binne, suna ɗan hawa kan juna kamar jinka don kada ruwa ya bi tsakani. Ƙarshen shingen na sama ya shige cikin jikin tudu, na ƙasa ya wuce bakin turba, a shimfiɗa tsakuwa manya inda ruwan zai zuba. A gangare mai sauƙi, shinge ɗaya duk bayan mita 25 zuwa 30 ya isa. Inda ya yi tsaye a matso da su zuwa mita 10. Kuskure biyu ne ke kashe shi: idan kusurwar ta yi kaɗan, ruwa zai tsaya ya ajiye yashi, shingen ya cike a damina ɗaya, idan kuma ya gaza faɗin turbar, ruwa da mutane duk za su zagaye shi.

Baba Magini:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara kan siminti, don nan yara ke ɓarnar kuɗi. Ɗana, wanga buhu 10 ku ajiye shi tukuna. Siminti a kan ƙasar da ba ta zauna ba, ruwa ke shiga ƙarƙashinsa ya rarake, jaki ya taka ya fashe, sannan gutsuren ya fi ramin haɗari. Dutse zalla, ba siminti, da aka dasa da kyau ya fi shi ƙarko, ga shi kuma kyauta a wurinku.

Matakala daga ƙasa ake fara ta, saɓanin shingen ruwa, domin kowane dutse na sama kan na ƙasa yake hutawa. Dutsen da mutum ɗaya zai ɗauka shi kaɗai bai isa mataki ba, sai wanda mutum biyu ko uku za su turo da dogon ƙarfe. Tsayin mataki santimita 15 zuwa 18, wurin sa ƙafa kada ya gaza 30, kuma su zama tsayi ɗaya, don ƙafa na sabawa da na farko. A haƙa masa mazauni, a dasa, a cusa ƙananan duwatsu a bayansa a daka da guduma. Ƙasa zalla ba ta riƙewa. In an gama, mutum ya hau ya yi tsalle a kai. In ya motsa ko kaɗan, a tone a sake. Gefe da gefe a ajiye manyan duwatsu marasa daɗin takawa, in ba haka ba mutane za su bi gefen matakalar su buɗe sabon kwari.

Shi kuma kwarin da ya kai gwiwa, in da hali ku kauce masa, ku fitar da turba a gefensa. Cikinsa a yi ƙananan datsi na dutse, kada ɗaya ya wuce rabin mita. Tsakiyar datsin ta fi gefuna ƙasa don ruwa ya bi ta kai, gefunan kuma su shige bangon kwarin kamar santimita 30. A ƙasansa a shimfiɗa dutse inda ruwa ke faɗowa. Kan datsin ƙasa ya yi daidai da gindin na samansa. Yashi da kansa zai cike bayansu, ba sai kun yi dakon ƙasa ba.

Malama daga Tsafe:
Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina roƙon a tuna da mata masu saukowa da itace a ka: ba su ganin ƙafarsu sosai, don haka mataki ya tsaya a 15, kuma a sare rassan sama har tsayin mita biyu da rabi.

Lokaci kuwa kashi biyu ne. Aikin dutse a yi shi da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, an gama girbi, hannaye sun samu, rana ba ta yi zafin Afrilu ba. Dashen ciyawar da za ta riƙe ƙasa kuwa sai ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni ko Yuli. Jema ta fi komai riƙe ƙasa saboda saiwarta ƙasa take nutsawa, in babu a sa gamba. A yage ta, a rage ganyen ya saura kamar taƙi ɗaya, a dasa a layi a gicciye da gangare, tazarar santimita 10 zuwa 15. A kare ta da ƙaya har ta kama, kuma a zauna da makiyayan da ke bin wurin tun kafin a dasa, don su ma turbarsu ce.

Gayya ta mutum 50 a rana ɗaya ba ta gyara turba, yawanci rabi tsayuwa suke yi. Ku kasa kanku biyar-biyar, kowane rukuni da mita 100 nasa da mutum ɗaya da ya san aikin. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi, mutum biyu su hau da shebur su kwashe yashin da ya taru a gaban shingaye. Wannan aikin na rabin sa'a shi aka fi mantawa, shi ne kuma ke sa a dawo gidan jiya.

Kada kowa ya sa hannu ƙarƙashin dutse. Kububuwa da kunama nan suke fakewa. A ɗaga da ƙarfe, a janyo bakinsa na nesa zuwa wajenka yadda dutsen zai shiga tsakaninka da abin da ke ƙasa. In maciji ya sari mutum, babu tsaga babu ɗauri mai tsanani, a hana gaɓar motsi a nufi asibiti. Kada wani ya yi aiki a ƙasan masu turo dutse. Kuma yadda tsaro yake a yankinmu, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro, a hau bayan gari ya waye, a sauko kafin azahar.

Ɗan Bungudu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura wuri ɗaya, Baba: akwai falalen dutse kamar mita 8 da babu ƙasa ko kaɗan, da damina santsi yake yi. Babu inda za a dasa komai.

Baba Magini:
To nan simintinku zai yi amfani. Ku kira masu fasa dutse su sassaƙa wurin kowane mataki ya yi kaushi, su huda rami biyu zurfin santimita 10, a kafa guntun rodi mai milimita 12 a ciki. A kankare gansakuka, a wanke ƙura, sannan a kafa katako a zuba kankare. Buhu 1, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8, ruwa kaɗan. Kada a goge saman ya yi sumul, a ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye. Tsakanin mataki da mataki a bar kafar da ruwa zai wuce ta gefe. A rufe da buhunan algarara, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma kwana 7, a tare wurin da ƙaya kada awaki su taka. Buhu 4 zuwa 5 zai yi muku, sauran ku ɗora kan katako a ɗaki marar laima.