Ɗan Allah wa ya san tarihin Madabo da Ƙoƙi a birnin Kano?

Ɗan Ƙasar Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, kuma kakanmu yanzu tsufa ya kama shi sosai amma kansa garau yake, in aka zauna hira ba shi da zance sai na birni, wai mahaifinsa a Madabo ya yi karatun littafi, shi kuma da ya tasa suna kai gyaɗa da fata a Ƙoƙi suke sauka gidan fatomansu. Mu yaran yanzu in mun shiga Kano iyakarmu Kwari da Singa da Farm Centre mu juyo, wallahi abin yana damuna. Ɗan Allah masu sani ku ba mu tarihin unguwannin nan, ina so in je in gani da idona tun tsohon nan yana da rai in dawo mu yi hirar da shi.

Malamin Zaure, Gezawa:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da wannan. Madabo ai ba ƙaramar unguwa ba ce, tana nan tsakanin kasuwar Kurmi da dutsen Dala, kuma masallacinta yana cikin mafi tsufa a Kano gaba ɗaya. Asalin martabarta daga Wangarawa ne, malamai da 'yan kasuwa da suka taso daga ƙasar Mali ƙarƙashin Shehu Abdurrahman Zaite. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji suka iso, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, su ne suka sa sarki ya tsai da salla aka naɗa liman da ladan da alƙali. Cikin waɗanda suka zo akwai Mandawari da Sheshe, kaga har gobe akwai unguwanni da sunayensu.

To abin da ya kai kakan mahaifinka can shi ne fiƙihu. Da can yaro in ya sauke Alƙur'ani a tsangaya a nan karkara, sai a ce saura littattafai, ya fara Ahalari da Ishmawi da Iziyya wajen malamin garinsu, in ya kai Risala ya ga yana son Muhtasar to sai birni, kuma a birni in ana maganar Muhtasar Madabo ake nufi, har sarautar Babban Malami gare su. Yawanci da rani ake tafiya bayan an kai amfanin gona gida, mutum ya ɗauki ɗan geronsa da buzunsa, ya zauna a zauren malam tun hantsi kowa da littafinsa a hannu ana bin layi, malam na jan baƙi yana fassara kalma kalma, in hadari ya fara haɗowa a gabas a tattaro a dawo gona. Limamai da yawa na ƙauyukanmu in ka bi salsalar karatunsu can za ta kai ka. Ka tambayi kakanka sunan malamin da mahaifinsa ya zauna gunsa, da sunan nan kaɗai za a iya nuna maka gidan.

Bebejawa Ikon Allah:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, zan ɗan yi ƙari da izininka. Akwai wani tsohon rubutu na Wangarawan kansu, Asl al-Wangariyyin, shi ya nuna a zamanin Muhammadu Rumfa Shehu Zaite ya shigo, wato tsakanin 1463 da 1499, har ya haɗu da Shehu Magili wanda zuriyarsa ke Sharifai. Ni dai na fi karkata ga cewa ba zuwa ɗaya suka yi ba, ayari ne bayan ayari.

Amma Ƙoƙi ku bar min ita don wannan tamu ce. Unguwar fatake ce, musamman Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja, can arewacin Ghana ta yau, tafiyar watanni da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fata su ɗauko goro a Salaga. Kuma abin da nake so matasanmu su gane, Agalawan nan ba duka a cikin ganuwa suke ba, da yawansu a karkara suke zaune, Bebeji da Garko da Bichi, birni wajen ciniki ne da masauki. Alhaji Alhassan Ɗantata kansa a nan Bebeji aka haife shi a 1877, daga baya ya kafa gida a Sarari nan wajen Ƙoƙi, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 Turawa suka fara neman gyaɗa shi da irin su Umaru Sharubutu suka shiga sayenta, ya rasu a 1955. To gyaɗar da aka yi dala da ita wa ya noma? Kakanka ne da kakana. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji ana ba da tarihin birni kamar mu 'yan ƙauye kallo kawai muka zo.

Batun fatoma kuwa, ba haya ba ce irin ta yanzu. Ka iso da jakunanka a ɗaure su a turke, a ba ka zaure da tabarma, a fito maka da tuwo daga cikin gida, shi zai nemo dillali ya tsaya a kan cinikin, in mai saye bashi zai ɗauka shi ne lamuni, ya cire la'adarsa. Gida ɗaya zai yi ta karɓar mutanen gari ɗaya daga uba har jika, wani sa'in har auratayya ta shiga. Ina da yaƙinin in ka faɗi sunan ƙauyenku a gidan za a sami tsohuwar da ta tuna.

Hajiya 'Yar Kura:
Sannunku da ƙoƙari, amma duk kun manta da mata. Zaren da aka saƙa aka rina aka kai Kurmi su wa suka kaɗa shi? Kakata har ta rasu mazarinta da allinta suna cikin ɗan kwando a gindin gado, da daddare bayan tuwo ake kaɗi a hasken aci-balbal. Mu nan Kura rini da bugu ne gadonmu, turkuɗinmu mai shuni shi Buzaye suke naɗawa, kuma Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 a unguwar Dala ya sauka, ya rubuta cewa tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus ake kai su.

Ƙanena in za ka je ka hanzarta. Sorayen ƙasa masu azara da zanko ana ta rushe su ana sa bulo, magada sun yi yawa gida ɗaya a raba shi gida biyar, kududdufan da aka haƙa aka yi ginin an cike su an yi shaguna shi ya sa ruwa kaɗan lungu ya cika, ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ma wani wajen sai an ce maka nan take.

Direban Yankaba:
Yaya abin ba wuya. In motar Ringim ta sauke ka a Yankaba ka hau adaidaita ka ce Kurmi bakin Jakara, daga nan da ƙafa za ka shiga don lungunan ko mashin da ƙyar. Kar ka fara ɗaukar hoto kai tsaye, fara zuwa wajen mai unguwa ka yi gaisuwa da ɗan goronka ka faɗi daga inda kake, bayan la'asar ne dattawa suke fitowa dakali. In da sauran lokaci ka leƙa Gidan Makama kusa da fada, akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da hotuna a ciki.

Ɗan Ƙasar Ringim:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya da sauran yayyena. Na karanta wa kaka duka da daddare, da aka zo kan fatoma sai da ya tashi zaune, ya faɗi sunan maigidan da na malamin na rubuta, ya ce gidan yana kusa da wata rijiya da masallaci ƙarami. In Allah ya kai mu bayan an gama yankan dawa zan shiga, kuma zan ɗauki muryarsa a waya in tafi da ita su ji. Ɗan uwa na Bebeji, in kana shigowa birni ranar ko za mu haɗu a bakin Kurmi ka raka ni Ƙoƙin?